Auna bugun zuciya a gida

'Yan uwa, ku fara zama ku huta minti 5. A ɗora manuniya da ɗan yatsan tsakiya a wuyan hannu, ƙasan gindin babban yatsa, a danna a hankali. Kada a auna da babban yatsa, shi ma yana da nasa bugun, sai ya rikita lissafi. A ƙirga na daƙiƙa 30, a ninka biyu. Idan bugun yana tsallake, a ƙirga minti guda cur.

Ga babba, bugu 60 zuwa 100 a minti guda lafiya lau ne. Goro, shayi, zazzaɓi da ƙarancin jini duk suna ɗaga shi. Masu na'urar maƙalawa a yatsa, sanyin Jos yana sa ta yi kuskure, ku ɗumama hannu tukuna.

Idan ya wuce 100 kullum kana hutawa, ko ya gaza 60 da jiri, don Allah a je asibiti. Ciwon ƙirji ko suma kuwa, ba a jira gari ya waye.