Yadda za ku karanta gwajin kitsen jini na mai raunin zuciya

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma kullum ina roƙon masu jinya: kada ku yi murna don kawai kolestarol ɗin Baba, wato wani nau'in kitsen jini, ya sauka sosai. Ga mai raunin zuciya, sau da yawa hakan alama ce ta rama da tsanantar ciwon. Ku lura ko yana cin abinci. Ku auna nauyinsa kowace safiya. In ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ke taruwa, ku garzaya asibiti.

Binciken GISSI-HF na Italiya a 2008 ya nuna rosuvastatin, maganin rage kolestarol, bai rage mutuwa ba a masu raunin zuciya. Amma wanda aka ɗora a kansa saboda toshewar jijiyar zuciya, don Allah kada ya daina sai likita ya ce.