Yadda za ka gane shekarun tayar motarka

Taya tana tsufa ko da ba a hawa motar. Robar na bushewa, zafin kwalta da rana kuma su ƙara mata. Kafin ka biya kuɗin tayar gwanjo, ko ka kama doguwar hanya, yi wannan:

1. Tsuguna ka nemi haruffan DOT a gefen tayar, da lambar da ke biye da su. Idan laka ta rufe wurin, goge da jiƙaƙƙen tsumma. Wani lokaci cikakkiyar lambar tana ɓangaren ciki, sai ka leƙa ƙarƙashin mota.

2. Karanta lambobi huɗun ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Ka ga 3219? An yi ta a mako na 32 na 2019. Idan lambobi uku ne kawai, tun kafin 2000 aka yi ta. Kada ma ka taya, bar wa mai ita kayarsa.

3. Lissafa. Daga shekara 5, a riƙa kai ta wurin mai faci yana dubawa duk shekara. Ta kai 10, cire ta, ko da zanenta na nan raɗau. Ni dai a zafin ƙasarmu ba na jiran goman.

4. Duba ramukan zanen. Akwai 'yan tudu a ciki masu tsayin milimita 1.6, in zanen ya cinye ya yi daidai da su, ta gama aiki.

5. Shafa gefen da hannu. Tsattsagewa ko kumburi kamar maruru, canja ta yau.

Safayar da ke but ma a duba ta haka.