Yadda ake gano sunan na'ura daga adireshin soket

Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar uwar garke ya san abin da ake gani idan wani ya ƙwanƙwasa ƙofa: lambobi ne zalla, adireshin IP da lambar ƙofar da ya fito ta ciki. Lambobin sun wadatar da kwamfuta, amma mutumin da zai karanta rajistar shiga da safe ya fi son ya ga suna. DNS, tsarin da ke haɗa sunayen na'urori da adireshinsu a intanet, ya saba ɗaukar suna ya ba da adireshi. A nan akasin haka muke so, mu ba shi adireshi ya faɗa mana suna.

Kafin ka taɓa lambar manhaja, fara gwadawa da hannu, don ka ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa. A Linux ko macOS rubuta `dig -x 8.8.4.4`. Amsar da za ta dawo ita ce dns.google. Amma duba tambayar da aka aika: ba 8.8.4.4 aka tambaya ba, 4.4.8.8.in-addr.arpa aka tambaya, kuma nau'in bayanin da aka nema shi ne PTR, wato bayanin DNS da ke nuna sunan da ke kan adireshi. An juya lambobin ne saboda sunan DNS daga dama yake fara babba ya gangaro hagu zuwa ƙarami, adireshin IP kuwa daga hagu yake fara babba. Sai an juya shi kafin a iya raba ikon kula da shi kashi-kashi. Wannan tsari yana cikin RFC 1035, ɗaya daga takardun ƙa'idojin intanet, tun 1987. Na IPv6 ya fi wahalar gani da ido: ana warware adireshin zuwa alamomi 32, a juya su, a sa ɗigo tsakanin kowace alama da mai bi mata, a ƙare da ip6.arpa. Ba kai za ka riƙa yin wannan juyi ba, ɗakin karatun tsarin, wato tarin kiraye-kirayen da tsarin kwamfuta ya tanadar wa manhajoji, zai yi maka. Amma ka riƙe abu ɗaya: wanda ke riƙe da adireshin shi ke rubuta PTR, ba mai sunan ba. Za mu dawo kan wannan.

Mataki na farko a cikin manhaja shi ne samun adireshin kansa. Idan kai ne mai karɓar haɗi, `accept` zai cika maka shi. Idan soket ɗin, wato bakin haɗin da manhajarka ke magana da baƙo ta cikinsa, ya riga ya haɗu, `getpeername` zai ba ka. Ka tanadi `sockaddr_storage` maimakon `sockaddr_in`, domin na biyun IPv4 kawai yake ɗauka, ranar da baƙo ya zo ta IPv6 kuwa sai adireshin ya guntule.

Sai kira na ainihi, wato `getnameinfo`:

```c
struct sockaddr_storage adireshi;
socklen_t tsawo = sizeof adireshi;
int s = accept(mai_sauraro, (struct sockaddr *)&adireshi, &tsawo);

char suna[NI_MAXHOST], kofa[NI_MAXSERV];
int k = getnameinfo((struct sockaddr *)&adireshi, tsawo,
                    suna, sizeof suna, kofa, sizeof kofa,
                    NI_NAMEREQD | NI_NUMERICSERV);
```

NI_MAXHOST yawanci 1025 ne, NI_MAXSERV kuma 32. Za ka ci karo da tsofaffin misalai masu amfani da `gethostbyaddr`. Ka bar su inda ka gan su. Tsohon kiran yana mayar da amsa ne a wuri guda da kowa ke tarayya a kai, saboda haka zare biyu, wato ayyuka biyu da ke gudana lokaci guda a cikin manhaja ɗaya, suna iya tattake wa juna amsa. `getnameinfo` kuwa a wurin da ka ba shi yake rubutawa, kuma bai damu da ko IPv4 ba ne ko IPv6. Bayaninsa yana cikin RFC 3493 na 2003. A Python ma layi ɗaya ne: `socket.getnameinfo(("8.8.4.4", 53), 0)` zai ba ka dns.google da domain.

Wurin da ya kamata a tsaya a yi tunani shi ne tutocin da ke ƙarshen kiran. Idan ka sa sifili kuma adireshin ba shi da PTR, kiran ba zai yi ƙorafi ba. Zai mayar maka da lambobin a matsayin rubutu, ya ce komai lafiya. Manhajarka sai ta ɗauka ta samu suna alhali adireshin da ta bayar ne aka dawo mata da shi. NI_NAMEREQD ne ke hana wannan: in babu suna, kiran ya faɗi da EAI_NONAME, kai kuma ka sake kira da NI_NUMERICHOST ka rubuta lambobin da saninka. NI_NUMERICSERV kuma na sa shi ne domin lambar ƙofar baƙo ta wucin gadi ce, tsarin ne ya zaɓa masa ita, fassara ta zuwa sunan hidima daga /etc/services ruɗu kawai zai kawo. Idan soket ɗin na UDP ne kuma kana son sunan hidima, ƙara NI_DGRAM, don akwai ƙofofin da sunansu ya bambanta: 514 a TCP shell ce, a UDP kuma syslog.

Kuskure ma ba duka ɗaya ba ne. EAI_NONAME na nufin babu suna, kada ka wahalar da kanka. EAI_AGAIN na nufin DNS bai amsa ba a yanzu, ana iya sake gwadawa an jima. Kuma `gai_strerror` ne ke fassara waɗannan lambobi, ba `strerror` ba.

Yanzu batun jinkiri. Na taɓa rubuta wata 'yar uwar garke, na sa wannan kira nan take bayan `accept`. A kan kwamfutata kamar walƙiya, domin /etc/hosts ne ke amsawa, 127.0.0.1 ya zama localhost. Da aka ɗora ta inda DNS ke tangal-tangal, kowane baƙo sai ya yi tsaye kusan daƙiƙa 10 kafin a ce masa sannu, sauran kuma suna layi a bayansa. Lissafin a fili yake: a glibc, ɗakin karatun C na yawancin Linux, in ba ka sauya fayil ɗin saitin DNS na resolv.conf ba, ana jiran daƙiƙa 5 ne sau 2. Kiran yana tsayar da zaren da ya kira shi har sai amsa ta zo. Ba banza ba Apache, manhajar uwar garken yanar gizo, ya bar saitin neman suna na HostnameLookups a kashe, OpenSSH, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, kuma ya kashe irin nasa, UseDNS, tun fitowa ta 6.8 a 2015. Don haka a hanyar karɓar baƙi ka rubuta lambobi kawai da NI_NUMERICHOST, wanda ba ya fita waje ko kaɗan. Neman suna ka tura shi wani zaren, ko ka bari sai lokacin karanta rajista. Ka kuma ajiye amsa na ɗan lokaci, har da amsar "babu", don kada adireshi ɗaya ya sa ka tambaya sau dubu.

Mataki na ƙarshe shi ne tantancewa, kuma shi aka fi tsallakewa. Tunda mai adireshi ne ke rubuta PTR, ba abin da zai hana shi ya rubuta sunan na'urar cikin gidanka. Manhajar da ke buɗe ƙofa don kawai suna ya ƙare da sunan yankinta ta ba kura ajiyar nama. Maganin shi ne ka ɗauki sunan da aka ba ka, ka miƙa wa `getaddrinfo`, kiran da ke mayar da suna adireshi, ka duba ko adireshin da ka fara da shi yana cikin jerin da ya dawo. Ka bi jerin duka, don suna ɗaya yana iya samun adireshi da yawa. Ka kuma kwatanta adireshin a siffarsa ta lambobi, ba a rubuce ba, domin soket na IPv6 yana iya nuna maka baƙon IPv4 da ::ffff: a gabansa. In sun dace, mai sunan ya yarda adireshin nasa ne. In ba su dace ba, ka yar da sunan ka riƙe lambobin. Manyan masu karɓar imel suna yin wannan gwaji, shi ya sa saƙon da ya fito daga uwar garken da ba ta da PTR yakan sha wuya kafin ya shiga.

Ko bayan tantancewa, ka rubuta adireshin kusa da sunan a rajista, don PTR na iya sauyawa gobe. Idan kuma uwar garkenka tana bayan wata na'ura mai shiga tsakani ko mai raba nauyi, abin da `getpeername` zai nuna maka adireshin waccan na'urar ne, sunanta kuma za ka yi ta samu a kowane layi. Adireshin baƙon na gaskiya sai dai ka ciro shi daga abin da mai shiga tsakanin ya ƙara, kamar X-Forwarded-For a HTTP, ka mayar da shi `sockaddr` da `getaddrinfo` da tutar AI_NUMERICHOST, sannan ka fara daga mataki na biyu, wato kiran `getnameinfo`.