Yadda ake koyon zane a wurin gwanayen da ba malaman aji ba

Idan aka ce wani mai zane shi ya koya wa kansa, mutane kan ɗauka cewa babu wanda ya taɓa riƙa masa hannu. Abin da ya rasa kawai shi ne manhaja da jarrabawa, saboda haka shi ne yake zaɓar wanda zai ɗauki darasi a wurinsa. Vincent van Gogh, shahararren mai zane ɗan ƙasar Holland, ya rungumi zane a 1880 yana ɗan shekara 27, ya yi ta kwafar darussan zane da Bafaranshe Charles Bargue ya wallafa, shi kaɗai, amma a ƙarshen 1881 sai da ya je birnin Hague na Holland wurin mai zane Anton Mauve, mijin wata 'yar'uwarsa, wanda ya nuna masa yadda ake aiki da fentin ruwa da na mai.

Mataki na farko shi ne ka tsayar da abu guda da hannunka ya kasa, misali zana yatsu ko sa inuwa, domin wanda ya je wurin gwani ya ce a koya masa zane baki ɗaya, da wuya ya samu amsa mai amfani.

Daga nan sai ka nemi wanda ya fi ka a wannan abu, ko da mai rubuta allunan talla ne ko mai sassaƙa, ka roƙi izinin zama kusa da shi yayin da yake aiki. A nan ne ake buƙatar haƙuri, domin yawancin gwanaye ba su iya bayanin abin da hannunsu ya saba da shi ba, kuma gani ya kori ji. Ka lura da yadda yake miƙa hannu gaba ɗaya riƙe da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya zame babban yatsa a jikin fensirin don auna tsawon kan mutumin da yake zanawa, sannan ya ƙirga sau nawa wannan tsawo ya shiga cikin jiki. Ka lura kuma da yadda yake ɗan runtse idanu kafin ya sa inuwa, domin ƙananan abubuwa su ɓace, haske da duhu kaɗai su rage. Shi kansa wataƙila bai san yana yin haka ba, don haka kada ka katse shi da tambaya sai ya ajiye fensir.

Idan ka koma gida, ka maimaita abin a ranar, ka rubuta kwanan wata a bayan takardar, sannan ka ɗaga ta gaban madubi. Karkacewar da ido ya saba da ita nan take za ta fito.

Bayan mako guda ka kai masa zane uku, ka tambaye shi inda kuskure ya fi yawa, ba ko sun yi kyau ba, domin kunya kan sa mutum ya yaba abin da bai gamsar da shi ba.

Idan ka ga zanenka ya fara zama tamkar nasa har a kurakurai, lokacin neman gwani na biyu ya yi. Ka yi sallama cikin ladabi da godiya, ka bar ƙofa a buɗe. Van Gogh da Mauve sun ɓata cikin 'yan watanni, darasin ya yanke tun a 1882.