Sauya kwanon gefen bayan tsohuwar Fijo 504: naka aikin da na mai walda

A ƙasar Ringim zuwa Gumel har yau akwai masu riƙe da Fijo 504, wani gadon mahaifinsa ce, wani kuma da ita yake jigilar 'yan kasuwar Gujungu da Maigatari. Motar ta fara fitowa a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya yi ta harhaɗa ta har zuwa 2006. Ka ga ko autarsu ta manyanta. Inji ba ya ba mu tsoro, kowane bakanike ya san cikinsa. Jiki ne ke tafiya, kuma a garejina wurin da na fi yanka shi ne kwanon gefen baya, wanda ya taso daga bakin ƙofar baya, ya zagaye saman taya, ya ƙare a danja.

Dalilin ruɓewarsa a wajenmu ba ɓoyayye ba ne. Taya na watsa laka cikin leɓen madigadi, lakar ta kwana da damshi duk damina. Robar but ta tsufa, ruwa ya sauka a aljihun gefe, ramin da zai fitar da shi ya toshe da ƙasa. Ga kuma buhunan takin zamani da ake lodawa a but. Wannan gishirin da ke zuba yana cin ƙarfe fiye da ruwan sama.

Kafin ka ce a yanke, ka tabbatar yankan ya zama dole. Nemi maganaɗisun tsohuwar lasifika ka bi jikin da shi. Inda ya ƙi kamawa, fila ce aka lafta, wato kwaɓin da ake cike lotsawar jikin mota da shi kafin fenti. Sa sukundireba ka danna duk inda fenti ya yi ƙuraje. In ruɓar ta tsaya a leɓen taya da ƙasan aljihu, faci ya isa, kuma ni na fi son facin, domin haɗin kamfani da ke sama ya fi duk wanda za mu yi da hannu. Sai in mota ta sha duka har kwanon ya miƙe ya yi laushi, ko tsatsa ta haura kusa da gilashi, sannan a cire shi gaba ɗaya.

Sabon kwano na wannan mota ya yi wuya, don haka daga jikin wata matacciyar Fijo ake yankowa. A Kano ana nema a Ƙofar Ruwa, a Kaduna a Panteka. Ka je da ƙafarka, da maganaɗisunka a aljihu, ka leƙa bayan kwanon ba fuskarsa ba. Ka ce a yanko maka da faɗi, a haɗo da bakin ƙofa da wani yanki na ƙasan but, ragewa a gida ake yi. Na salun daban, na wagon daban, kada mai kaya ya ce maka "ai duk Fijo ce, Alhaji".

Kwance kaya aikinka ne, ba sai ka biya kowa ba. Cire kan batir. Cire bamba, danja, kujerar baya, kafet da duk wayar da ta bi ta wannan gefen. Sauke tankin mai ka kai shi nesa, kuma kada ka yarda da zancen wai babu mai a ciki, tankin da ba komai a ciki ya fi cikakke haɗari saboda tururin fetur. In yankan zai kai sama, gilashin baya ma ya fita. Tsohuwar roba takan tsage, gara ka yanka ta ka sayi wata da ka fasa gilashin.

Salun 504 ba ta da shasi daban irin na babbar mota, jikin ne ke ɗauke da kansa, kuma wannan kwano yana cikin abin da ke riƙe da bayan. Saboda haka a ajiye ta a daɓe mai daidai, ba a kan rairayin gindin darbejiya ba. Kada a yanke gefe biyu lokaci guda. Ƙofar baya da murfin but su zauna a wurinsu, su ne ma'auninka. Auna tazarar da ke tsakanin ƙofa da kwano sama da ƙasa, ka rubuta, ka ɗauki hoto da waya. Gefen da ba a taɓa ba shi ne malaminka har a gama.

Kamfani bai yi dogon ɗinki ba, ɗigo-ɗigon walda ya yi a bakin ƙofa, da leɓen taya, da magudanar but, da wajen danja. Goge fentin za ka ga 'yan ramukan a jere. Da bakin diril mai milimita 8 ake cinye kowane ɗigo, kwanon sama kaɗai, na ƙasa a bar shi lafiya, sannan a raba su da siririn cizal. A nan yaran gareji ke ɓarna: su ɗauko babban cizal da guduma su yage komai, a wayi gari babu leɓen da za a ɗora sabon kwano. In kana da haƙuri, wannan ma za ka iya da kanka. A wasu tsofaffin motoci an cike haɗin da ke kusa da rufi da dalma. In ka ga ƙarfe mai laushi fari-fari, kada ka sa masa giranda ka shaƙi ƙurar.

Da tsohon ya fita za ka ga abin da ya ɓoye. Madigadin ciki da ƙarshen dogarin ƙasan ƙofa sukan ruɓe tare da shi. A gyara su tukuna, a kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, a shafa firaima, wato shafen farko da ake yi kafin fenti. Sannan a ɗora sabon kwano a kan ragowar tsohon, a matse da filaya mai kulle, a rufe ƙofa, a rufe but, a gwada danja a gurbinta. A sa, a cire, a rage, a sake sawa. Sai layin jikin motar ya miƙe daga ƙofa har baya za a zana layin yanka, a yanka su baki da baki. Ɗora wani kan wani ya fi sauƙi, amma tsakaninsu ruwa ke kwana.

To, daga nan ka miƙa wa mai hannu. Kaurin kwanon bai kai milimita 1 ba. Waldar lantarki ta sanda, irin ta masu ƙofa da taga, huda shi take yi. Injin MIG mai siririyar waya shi ya fi dacewa, sai dai a ƙauye ba kowa ke da shi ba, ga wutar da ba ta zama. Yawancinmu da gas muke yi, oksijin da kabaid, kuma yana yin kyau in an san zafi. Gas na baza wuta da faɗi, kwano ya kumbura, in ya huce ya tsuke ya ja na kusa da shi. Wanda ya kama daga wannan baki ya ɗinke har wancan a numfashi ɗaya, zai bar maka gefe kamar fefen da rana ta kanannaɗe, kuma babu gudumar da za ta dawo da shi. Yadda ake yi: ɗigo a tsakiya, ɗigo a can, ɗigo a nan, tazarar kamar yatsu uku. A bari ya huce har ka iya ɗora tafin hannu. A sa ƙarfen tokara ta baya a bubbuga ɗigon da ƙaramar guduma don ya saki. Sai a koma tsakanin ɗigo da ɗigo, a yi ta haka har su haɗe. Yini guda yakan tafi a layin da bai fi kamu biyu ba. Ina gaya wa yarana, in Alhaji ya gaji da jira a kawo masa shayi, kada a ƙara wuta. Kuma kowane ɗan lokaci a rufe ƙofa a duba tazarar nan da ka rubuta. Yaro ɗaya ya tsaya ta ciki da bokitin ruwa da jiƙaƙƙen tsumma, domin baƙin shafen da ke bayan kwano yana kamawa ba ka gani ba.

Giranda ma tana kawo zafi, a taɓa a ɗaga. Fila kuwa ta shafe 'yan ƙananan ramuka ce, in ta wuce milimita 3 kwanon ne bai zauna ba, a koma kan guduma. Bayan kwano, inda ido ba ya zuwa, ya fi fuskar buƙatar kulawa: firaima, sila (abin toshe kafar ruwa) a kan haɗin, baƙin shafe a cikin madigadi, a kuma buɗe ramin fitar ruwa na aljihun but. Firaima kaɗai ba ta tare ruwa, kada motar ta yi damina a haka. Fenti da hunturu sai a rufaffen wuri a yayyafa wa ƙasa ruwa, in ba haka ba ƙura za ta zauna a kai. Mai haɗa kala ya kalli motar da idonsa, don ranar Jigawa ta riga ta cinye kalar kamfani.

In aikin duka za ka bayar, je ka ga motar da mutumin ya yi bara, ba wadda ya fesa jiya ba. Ku yi ciniki kashi biyu, na ƙarfe daban, na fenti daban, ka ce masa, "Malam, in ka gama walda kira ni kafin ka sa fila." Ka zo da tocila, ka haska ta cikin but, wani ya tsaya ta waje. Duk inda haske ya ɓullo a layin haɗin, a sake ɗiga masa walda kafin ka biya kashin farko.