Donat mai kastad a ciki da cakulet a sama

'Yan uwa, kastad ɗin ciki sai ya yi kauri, in ba haka ba zai tsiyaye. Madara rabin lita, gwaiduwar ƙwai 4, sukari giram 100, kon fulawa giram 40. A haɗa su a ɗora a wuta ana juyawa. Idan ya fara tafasa, a ci gaba da juyawa minti 2, don idan bai dahu sosai ba yana tsinkewa bayan ya huce. A rufe shi da leda ta manne a samansa, kar ya yi fata.

Man suya ya kai digiri 175. In bai yi zafi ba donat ɗin zai sha mai.

Kar a cusa kastad sai donat ya huce sarai. A huda gefe, a matsa kastad ɗin ciki har donat ɗin ya yi nauyi a hannu, sannan a tsoma samansa cikin cakulet giram 100 da aka narkar da bota cokali 2.