Yadda Ake Karanta Alamomin da ke Gindin Kwanson Harsashin Igwar Birtaniya

Kafin mai sha'awar tara tsofaffin kayan yaƙi ya kai hannu kan harsashin igwa, wajibi ne ya tabbatar babu sauran abin fashewa a cikinsa. Har yau manoma a Faransa da Beljiyam suna tono harsasan Yaƙin Duniya na Ɗaya a gonakinsu, wasu kuma suna iya tashi bayan fiye da shekara 100. Duk wanda aka tarar da bakinsa a rufe, a bar shi inda yake, a sanar da jami'an tsaro. Abin da ya dace a tara shi ne kwanson tagulla wanda ake iya leƙawa a ga babu komai a ciki.

A kife kwanson, domin tarihinsa duka yana gindi. A goge shi da tsumma mai laushi, a haska tocila daga gefe, ba daga sama ba, sai rubutun da ya dushe ya fito. Idan ya ƙi, a shafa alli a share, farin zai maƙale a cikin haruffan. Ina roƙon kada a kusanto da samfefa, don na sha ganin kwanso yana walƙiya amma an cinye rabin shekarar da ke jikinsa.

Da farko a nemi sunan igwar. Idan an ga 18 PR, na igwar fili ce wadda harsashinta ke da nauyin kimanin laba 18, wadda sojojin Birtaniya suka fi dogara da ita daga 1914 zuwa 1918, lambar Romawa da ke kusa kuma, kamar II, samfurin kwanson take nunawa. Ƴar alama mai kama da kan kibiya shaidar mallakar gwamnati ce, idan kuwa tana cikin harafin C, to ta Kanada ce. Sai haruffan masana'anta: RL na Royal Laboratory da ke Woolwich, KN na kamfanin Kings Norton a Birmingham, EOC na Elswick a Newcastle.

Alamar da ta fi ba ni sha'awa ita ce CF, wadda ke nufin an cika kwanson da cikakken awon albarushin kodayit. Da yake tagulla na da tsada, akan kwashe kwansunan da aka harba a gyara su a sake cikawa, kowane karo kuma a ƙara harafin F, saboda haka kwanso mai CFF sau biyu aka ɗura masa.

A tsakiyar gindin akwai ɗan maɓallin da allurar igwa ke bugawa ya kunna albarushin, kuma yana da nasa lambar da shekarar. Ba abin damuwa ba ne idan shekararsa ta saɓa da ta kwanson, tunda akan canza shi wajen sake cikawa. A dai duba ko yana da ɗan lotso a tsakiya. Idan sumul yake, a ɗauka bai tashi ba, kada a ƙwanƙwasa shi har sai masani ya duba.